Ranar da Ofishinmu Ya Zo Dubiyar Kawu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda matata ke cewa bai kamata namiji ya manta ba, amma ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ranar da mutanen ofishinmu suka cika min falo sun zo dubiyar wani kawu da ban taɓa yi ba. Har yau idan na tuna sai in ji zufa tana keto min ta ƙeya.

Sai na fara da Jatau, don shi ne tushen komai. Jatau muzuru ne, ja, mai ƙaton kai, kuma asali ba nawa ba ne. Na Inna ne, mahaifiyata. Ta tsince shi yana ɗan mitsitsi a bayan shagon wani tela a Gwallaga, ta naɗo shi a gefen mayafi ta kawo gidanmu a Ɗan Iya, ta shekara shida tana hira da shi kamar mutum. Da ciwonta ya yi tsanani, ban ji ta yi min maganar gida ko ta akwatinta ba. Hannuna ta riƙe ta ce, "Ka kula min da Jatau." Na ce to. Bayan kwana biyu Allah ya yi mata rasuwa.

Ni kuma kulawar da na iya guda ce, ciyarwa. Inna takan ba shi ɗan romo da tsokar nama, sai na ga kamar ta yi masa rowa. Duk Asabar sai in sayo bandar tarwaɗa ta dam ɗin Gubi, in ɓarza masa har da ƙaya, in haɗa da guntun kilishi, in ƙara da wani busasshen abincin mage mai araha da na gano a kanti. Ruwa kuwa ban taɓa duba ko yana sha ba. (Wa ke bin mage ya ga ko ta sha ruwa? Ni dai a lokacin ban san ana yi ba.) Jatau ya yi ƙiba, ya yi sheƙi, ni kuma ina ta hura hanci, ina ce wa matata Rashida da Inna za ta leƙo da ta sa min albarka.

Wata Litinin da safe ina shirin fita aiki na gan shi a tsugune kan yashin da ke bayan gidanmu, yana yunƙuri yana wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Ya tashi, ya zaga, ya koma ya tsuguna. Da na duba wurin, ɗigo biyu ne kawai, su ma da jini. Rashida ta ajiye tsintsiya ta ce, "Malam, wannan fa ba na jira ba ne." Muka sa shi a kwando, na tare keke, sai asibitin dabbobi.

Likitar, Dakta Hannatu, tana taɓa mararsa fuskarta ta canza. Ta ce mafitsararsa ta cika tam, hanya ta toshe, da mun kai gobe da wani zancen ake yi. Nan take aka yi masa allurar barci, aka aske masa ƙafar gaba aka ɗaura ƙarin ruwa, aka zura masa siririyar roba fitsarin ya fito. Can ta kira ni ta ce in leƙa na'urar duba ƙwayoyin cuta. Na leƙa, na ga wasu 'yan abubuwa birjik kamar garin fasasshen gilashi.

"Wannan yashin ne ya taru ya toshe shi," in ji ta. "Me kake ba shi?"

Na fara lissafawa da alfahari. Kafin in kai kan kilishi muryata ta koma ciki, don na ga ta cire tabarau ta ajiye.

Ta yi min bayani dalla-dalla. Yashin iri biyu ne, kowanne da abincinsa, don haka kada in kuskura in yi shaci-faɗi a kanti. Na Jatau irin wanda abinci ke narkarwa ne, amma sai abinci na musamman da ake yi wa mage mai wannan ciwo, na gwangwani mai ruwa-ruwa ya fi. Ba kifi, ba kilishi, ba madara, ba komai a kai, ko gutsure. A jera masa kwanukan ruwa ko'ina. Kuma dole ya ci, don mage idan ta jera kwanaki ba ci, hantarta ke taɓuwa. Za ta riƙe shi kwana biyu, bayan nan sai an samu mai zama da shi a gida yana lura ko fitsari na fita.

Amana ɗaya aka bar min a duniya, ga shi da hannuna na kusa kashe ta.

Rashida tana koyarwa, ga jarrabawa ta kama, don haka zaman ya faɗo kaina. Ina aiki a sashen ajiyar fayil na wata ma'aikata, kuma ogana, Alhaji Garba, mutum ne da ba ya ba da hutu sai ya ga dalili da idonsa. Na tsaya a ƙofar ofishinsa na shirya magana tsaf. Ina shiga ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, sai na hango kaina, ƙato da gemu, ina cewa magena ba lafiya. Na ji dariyar ofis gaba ɗaya tun kafin a yi ta. Kawai sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, kawuna ne, Kawu Bala. An kawo shi daga ƙauye, fitsari ya ɗauke masa."

Ban iya ƙarya ba, shi ya sa na cika ta da gaskiya. Na ba shi labarin roba, da ƙarin ruwa, da yashi a mafitsara, da dokar abinci. Ai kuwa sai na ga oga ya ajiye biro. Ya ce in zauna. Ya ce irin ciwon da ya yi ajalin mahaifinsa ke nan, ya ba ni labarin watannin da ya yi yana jinyarsa, har muryarsa tana rawa. Ya ba ni kwana huɗu, ya raka ni har ƙofa yana cewa Allah ya ba ni ladan zumunci. (A nan ya kamata in juya in faɗi gaskiya. Na ce amin, na fice.)

Da na gaya wa Rashida, kallona ta yi ta ce, "Ba ruwana. Ranar da Kawu zai tashi tafiya ka neme ni in yi masa guzuri."

Talata na kwashe ta ina neman abincin. Na fara daga kasuwar Wunti na gangaro Gwallaga. Wani mai sayar da abincin kaji ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Abincin mage? Ɓeraye sun ƙare ne a unguwarku?" A wani babban kanti na samu leda mai hoton farar mage tana lumshe ido, na ɗauki hoton bayanta na tura wa Dakta. Ta amsa cewa wannan ɗan uwan wanda ya jawo ciwon ne. Na samu wani gwangwani na sake turawa, ta ce, "Malam, duba hoton da kyau, na kare ne." Na tsaya a tsakiyar kanti ina karanta rubutun da ko rabinsa ban gane ba, mai gadi yana ta zagaya ni. A ƙarshe ita ce ta kira wata abokiyar aikinta a Jos, aka ba direba kwali ɗaya ya kawo tasha ranar Laraba. Da na ji farashinsa sai da na nemi benci na zauna.

Ranar Larabar na ɗauko Jatau. Ya rame, ga filasta a ƙafa, ga wata roba da aka zagaye masa wuya da ita kamar mazurari don kada ya lashi wurin. Na kai shi ɗakin Inna, inda ya saba kwana, na jera kwanukan ruwa uku da farantin yashi. Na buɗe gwangwani da bismilla na ajiye masa. Ya shinshina, ya ɗago ya dube ni, ya juya min baya.

Haka muka wuni. Na zuba ruwan ɗumi na dama kamar yadda aka ce, ya ƙi. Na lakata a yatsa na kai masa baki, ya kau da kai. Na roƙe shi da Hausa, na haɗa shi da darajar Inna. Safiyar Alhamis ma haka. Hankalina ya tashi, har na nufi inda nake ajiye banda, na tarar Rashida ta riga ta kyautar da ita. Na kira Dakta. Ta ce in daure, idan ya sake ɗanɗana kifi ko sau ɗaya zai san akwai shi a gidan, ba zai ƙara kallon gwangwanin ba. Idan kuma bai ci ba zuwa safiyar Juma'a, in mayar da shi a zura masa abinci ta roba.

Wajen azahar, ina zaune a ƙasa na miƙa yatsa ba tare da sa rai ba, sai na ji harshe. Ya lasa. Ya sake lasa. Ya matso ya ci kusan kwatan gwangwanin, sannan ya je ya yi fitsari ɗan madaidaici. Ban taɓa zaton zan tsaya kan fitsarin mage ina hamdala da ƙwalla a ido ba, amma na yi.

Bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Rashida ta leƙa ta dawo, fuskarta ba yabo ba fallasa. "Malam, ka yi baƙi. Daga ofis. Wai sun zo duba Kawu."

Abin da na manta shi ne, ofishinmu ba ya wasa da dubiya. Ko ɗan wani ne ya yi zazzaɓi sai an tashi tawaga. Abin haushin, ni ne ma mai tsara tafiyar a kullum, ni ke cewa a sayi kankana a tare keke. Yadda aka yi na zaci za a tsallake ni, har yau ban sani ba.

Na ja ƙofar ɗakin Inna na rufe, na fito da fara'ar dole. Mutum bakwai ne. Oga a gaba, sai Malam Sabo da ke ja mana salla a masallacin ofis, sai Madam Rifkatu sakatariya rungume da kular abinci, sauran suna ɗauke da kankana da lemo da ayaba. Aka zazzauna, aka gaisa.

"Ya mai jiki?" in ji oga.

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Ya samu barci ne yanzun nan." Na nuna ƙofar ɗakin Inna, don ita ce a rufe.

"An cire robar?"

"Jiya aka cire."

"Yana cin abinci?"

"Yau ya fara lasa... ya fara ci kaɗan-kaɗan."

Malam Sabo ya ce a dage masa da kankana, tana wanke mara. Sannan ya tambayi ƙauyenmu. Na ambaci wani ƙauye ta wajen Darazo da na taɓa wucewa a mota. Sai ya gyara zama. "Ikon Allah, ai can ne garin surukaina! Wane Balan? Bala mai shanu ko na gidan liman?"

Na ce na gidan liman. Ya ce ai ya ji wancan ya rasu bara. Na ce ƙanensa ne, sunansu ɗaya. Ya ci gaba da jan carbi yana kallona, ni kuma ina jin rigata tana manne min a baya.

Madam Rifkatu ce ta cece ni, ko in ce ta ƙarasa ni. Ta jawo kula ta ce, "Ƙanina, na yi wa Baba farfesun banda, ban sa yaji da yawa ba. Kawo kwano a zuba masa tun da zafi." Kafin in ce a bari sai ya tashi, ta buɗe. Ƙamshin bandar tarwaɗa ya cika falon, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa.

Daga ɗakin Inna aka ja wani dogon nishi mai kauri. Duk wanda ya san kukan muzuru ya san yadda yake kama da na mutum.

"Subhanallah," in ji Malam Sabo. "Ciwon na cin sa."

Oga ya miƙe. "Ya farka. Bari mu gaishe shi, Malam Sabo ya yi addu'a, mu ba shi wuri."

Na riga shi isa ƙofar na tsaya na baje hannuwa. Na ce ba riga a jikinsa. Oga ya ce su maza ne, matan su jira. Na ce ba ya son ganin mutane. Oga ya ce haka mahaifinsa ya yi, amma dubiya tana ƙara wa mara lafiya ƙarfi. A bayana na ji ana karta ƙofa. Sakatar ɗakin nan ba ta taɓa kamawa sosai ba, Inna ce ta hana a gyara don Jatau ya riƙa shiga da fita. Na ji ƙofar ta saki.

Ta tsakanin ƙafafuna ya wuce, da mazurarinsa a wuya da filastarsa a ƙafa, bai kalli kowa ba, ya nufi kula.

"Ayya, wannan mage ya ji ciwo ne?" in ji Madam Rifkatu. Mace ce mai tausayi, ko ƙadangare ta gani da rauni sai ta tsaya. Ta sa cokali ta ɗebo tsokar kifi, ta hura, ta sunkuya tana miƙa masa.

Ban san ko daƙiƙa biyu aka yi ba, amma na ga komai a cikinsu. Na ga kwana biyun da na yi ina roƙonsa, na ga robar da za a zura masa gobe, na ga hannun Inna a kan nawa. Idan na yi shiru, mutuncina ya tsira, in ce magen maƙwabta ce. Idan na yi magana, shi ke nan. Bakin Jatau ya kusa taɓa cokalin.

Na yi tsalle. Gwiwata ta daki tebur, kankana ta gangara ta fashe a ƙasa, lemo ya watse, na suri Jatau sama ina ihu, "Madam, kada ki ba Kawu!"

Ina tsaye rungume da muzuru yana ta wutsil-wutsil, ƙofar ɗakin Inna a wangale. Kowa yana ganin gadon da ba kowa a kai, da farantin yashi, da kwanukan ruwa uku, da buɗaɗɗen gwangwani. Daga kicin na ji Rashida ta saki wani abu, sannan na ji tana ƙoƙarin danne dariya da tari. Na so ƙasa ta tsage in shige da ni da magen.

Oga ya dubi ɗakin, ya dubi filastar, ya dube ni. "Wannan ne aka sa wa robar?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Shi ne ya fara lasa yau?"

"Shi ne."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, sauran suka bi, Madam Rifkatu har da riƙe ciki. Oga bai yi dariya ba. A hankali ya ce, "Na zaunar da kai na ba ka labarin mahaifina. Ko 'ya'yana ban taɓa ba su shi haka ba." Dariyar ta mutu. Wannan maganar ta fi faɗuwar kankana da komai zafi, don a nan na gane abin da na yi ya wuce wauta, na ci amanar hawayen mutum. Ya gyara hularsa ya nufi ƙofa.

Malam Sabo ya ce, "Kai kuwa me ya kai ka?"

Ba ni da sauran ƙarya, sai na faɗi gaskiya. Na ce magen Inna ce, ita ta bar min, kuma ni na jawo masa ciwon da hannuna. Na ce kunya na ji a ce ƙato kamata yana neman hutu saboda mage. Ina maganar muryata ta karye, abin da ya ƙara min wata kunyar a kan ta farko.

Madam Rifkatu ta rufe kularta. Ta ce, "Na tuna shi. Ranar da muka zo gaisuwar rasuwar Mama, shi ne ya kwanta a bakin ƙofar nan ya ƙi tashi."

Oga ya tsaya a bakin ƙofa. Can ya dawo ya zauna. "Da ka faɗa min haka," in ji shi, "da na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na ba ka hutun."

Malam Sabo ya ɗaga hannu ya ce sun zo da addu'a, ba za su koma da ita ba. Ya yi wa Inna, ya yi wa mahaifin oga, ya roƙa wa duk mai ciwo lafiya, mai ƙafa biyu da mai huɗu. Aka shafa. Na mayar da Jatau ɗaki na tokare ƙofar da kujera, Madam ta fita da kularta waje, a ƙofar gida aka cinye farfesun. Ni ko romo ban iya sha ba. Oga zai shiga mota ya ce, "Litinin ƙarfe takwas. Kuma ka gaishe da Kawu."

Jatau ya cinye sauran gwangwanin kafin magariba. Bayan 'yan makonni Dakta ta sake duba fitsarinsa ta ce yashin ya narke, amma abincin nan shi da shi ke nan. Yana nan da ransa, ya mayar da ƙibarsa, kuma yanzu Rashida idan ta ce Kawu shi ke ɗagowa.

Abin da na koya shi ne, idan har za ka yi ƙarya a garin nan, kada ka ƙirƙiri mara lafiya, don wallahi sai an zo da kankana. Na guje wa dariyar minti biyar, na sayo wadda ba ta ƙarewa. Shekara biyu ke nan, ko sabon ma'aikaci aka kawo, kafin a nuna masa teburinsa an ba shi labarin Kawu Bala. Kwanan baya yayar mahaifiyata ta kwanta asibiti da gaske, na shiga wurin oga da takardar likita a hannu na ce ina da mara lafiya. Bai ko kalli takardar ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ƙafa nawa?"